Mako na Hamsin da Uku

Masu karatu, ranar Talatar nan na sa kwat ɗina ta zuwa coci na tafi ofishin rajistar gidaje. Na dawo da ƙafa a kumbure, da kuma tabbacin hukuma cewa abin da na saya nawa ne halak malak, sai dai bana babu shi.

Ga yadda aka yi. A ƙarshen Disamba ni da Loretta za mu cika shekara hamsin da aure, kuma tun tana amarya na yi mata alkawarin kwana bakwai a ɗakin da ake jin ƙugin teku daga kan gado. Sai na samu wani mutumin jihar Ohio yana sayar da makonsa a ɗaya daga cikin ɗakunan nan namu na bakin tekun Florida, waɗanda jama'a ke tarayya a kansu, kowa da makonsa. Dala dubu biyu kacal.

Ni ba na sayen abu da ka. Shekara talatin da huɗu na yi ina magatakardar kotu, kuma ko gidan da nake ciki sai da aka bi mini asalinsa har zamanin da wurin yake gonar lemo. Saboda haka na biya aka binciki asalin takardar mallakar, na kuma sayi inshora a kanta. Rahoto ya zo shafi arba'in: mutum bakwai sun mallaki makon tun 1983, babu jayayya, babu magajin da ya ɓuya. Na karanta kowane sa hannu da tabarau biyu. Ban taɓa ganin takarda mai tsabtarta ba.

Na buga waya masaukin don a gyara mana gado. Matar da ta ɗauka ta ce, "Wane mako, yallaɓai?"

"Na hamsin da uku."

Na ji ta toshe bakin wayar. Da ta dawo, tana danne dariya, ta ce, "Yallaɓai, makonninmu daga Asabar suke farawa, bana kuwa Asabar hamsin da biyu ce. Naka sai shekarar da ta zo da ƙari. Saura shekara uku."

Maƙwabcina Delbert, wanda bai taɓa karanta takarda ta wuce layi biyu ba, ya leƙo ta kan shinge, ya kira ni da sunan tsokanar da ya laƙaba mini. "Alƙali, ashe shi ya sa babu jayayya! Wa zai yi shari'a a kan gadon da ba a kwana?"

Na ce masa maganar tana gaban hukuma, bai dace a tattauna ta a bakin shinge ba.

Mai inshora ya tarbe ni da kofi. "Mista Whitlow, wani ya ƙwace maka makon?"

"Ina makon da za a ƙwace?"

"To ka gani. Inshorarmu tana aiki."

Daga nan na wuce ofishin rajista, kuma wajibi ne in yaba wa shugaban ofishin, Mai Girma Uban Hatimai, Garkuwan Layi, bisa gyaran da ya yi wa ginin. An shimfiɗa marmara, an kafa maɓuɓɓugar ruwa a tsakar zaure, hotonsa ya kai tsayin ƙofa. Taga shida aka yi don sauraron jama'a, ɗaya ce a buɗe, domin kada jama'a su rikice. Na duba bango huɗu, babu kalanda ko ɗaya.

Bayan awa uku na isa gaban Misis Odessa, ma'aikaciyar da ke tagar. Na nuna mata cewa sau bakwai ofishinta ya buga hatimi a kan makon nan, babu wanda ya ɗaga gira. Na kawo mata misalai uku daga zamanin aikina.

Ta ce, "Baba, mu takarda muke yi wa rajista, kwanaki ba hurumin ofishin nan ba ne. In kana da ƙorafi, cike wannan."

"Yaushe za a saurara?"

"Layin ya kai shekara uku da rabi."

Wato makon zai zo, mu kwana, mu dawo, kafin hukuma ta zauna ta duba ko yana nan.

Saura Loretta, wadda ta riga ta sayi malafa ta kuma sanar da dukan mawaƙan coci. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ajiye cokali.

"Cornelius, shekara hamsin nake jiran ranar da za ka ce ka yi kuskure. Faɗi."

"A bisa abin da aka saba..."

"Faɗi."

Na faɗa, amma da baki kawai, ba a rubuce ba.

Ta ce, "Madalla. Ɗakin nan sai na kwana a cikinsa, kuma da kai. Kada ka kuskura ka mutu kafin lokacin." Ta miƙa hannu ta ɗauke gishirin daga gabana, ta bi da soyayyen naman.

Saboda haka in kun gan ni da sassafe ina zagaya unguwa da sanda, cikina cike da dafaffen kabeji, kada ku yaba wa likitana. Shekara goma yana roƙona ban ji ba. Wannan aikin Mai Girma ne, kuma ina kyautata zaton zai sa shi cikin jerin nasarorinsa.