Takalmin da Ya Tona Mini Asiri

Ko na manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da aka je nema mini auren Hanne a Hunkuyi ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ƙaramin malamin elemantare a Maƙarfi, ina ji da kaina, ina ji da takalmina sau-ciki mai ruwan ƙasa da na sayo a Zariya (duk ƙasarmu babu mai irinsa, kuma na tabbatar kowa ya san haka).

A al'ada saurayi ba ya zuwa wajen nan. Manya ke zuwa, kai ka zauna gida ka jira. To ni zuciyata ta ƙi zama, don na ji raɗe-raɗin Malam Sule, mahaifin Hanne, ba ya son ɗan boko. Kawu Bala da abokansa biyu suna tafiya bayan azahar, na hau keke na bi su daga nesa.

Na iske sun shiga zaure, takalmansu jere a ƙofa. Ka san ba a gifta manya da takalmi. Wallahi ban san sanda na tuɓe nawa na jera kusa da nasu ba, na lallaɓa bayan zauren na tsuguna ƙarƙashin taga. Wannan shi ake kira laɓe: ka ɓuya ka kasa kunne ga maganar da ba a gayyace ka ba. Ni da nake hana yara a aji.

Gaisuwa ta ƙi ƙarewa. Can Malam Sule ya fito zai yi alwala, na ji ya tsaya a ƙofa wajen takalman. Da ya koma sai ya ce, "Malam Bala, mu huɗu ne a nan, amma takalmin mutum biyar na gani. Ko sau-cikin ne ya zo neman aure da kansa?"

Na ji Kawu ya yi salati. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"A gaya wa mai shi na ba shi Hanne," in ji Malam Sule, yana ɗaga murya wajen taga. "Wanda ko laɓe ya zo bai manta da ladabi ba, ai bokon bai ɓata shi ba."

Ba takalmi na tuƙa keke har Maƙarfi. Kawu ne ya kawo mini su washegari.

Abin da na koya, laɓe da tarbiyya ba sa tafiya tare, sai ka bar ɗaya a gida. Har yau in na shigo ba motsi, Hanne kan ce, "Malam, ina ka jera su?"