Nomau da Motar da Ta Ƙi Durƙusawa

A ƙauyenmu na Gidan Kanya akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kada wani ya je ya ce ni na faɗa. Yana salla, yana noma, ga ƙarfi kamar na sa, kuma yana da mata, Kuluwa, mai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba. Cutarsa ɗaya ce: duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi ɗungurungum, ba ragi ba ƙari. Gida ɗaya suke da wansa Sha'aibu, mai wata tsohuwar a-kori-kura doguwar ƙafa da yake kai albasa birni da ita, da kuma mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna.

A shekarar da nake ba ku labari, saƙo ya zo daga Kwarin Gawo cewa Iya Hansai, yayar Inna uwa ɗaya uba ɗaya, ta kwanta ciwo, kuma ba ta kiran sunan kowa sai na ƙanwarta. Inna ta ɗaure ƙullin kayanta a ranar. Amma gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ta, ko dokin ƙofa da ƙyar take tsallakewa, kujerar motar kuwa tana can daidai ƙirjinta. Aka kifa mata turmi ta taka, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Sha'aibu ya ce bari ya ɗauke ta. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, sai ta kau da kai ta ce wa Kuluwa, "Gaya wa wancan, ni ba buhun albasa ba ce. Muddin ina numfashi ba mai ciccibata a gaban mutane." Sha'aibu ya dafa motar ya ce, "Da dai irin ta samarin birni ce mai jan ciki a ƙasa, da tuni kin shiga." Nomau yana tsaye a gefe yana ji.

Wata rana Nomau ya bi wansa birni. Suna sauke albasa sai ga wata jar mota ta taho cikinta kamar zai shafi kwalta, ta iso wani ɗan tudun da ake yi a kan titi don rage gudu, ta karkace tana hawansa a gicciye, a hankali, kamar mai ciwon baya. Nomau ya ɗauka lalacewa ta yi, ya ruga ya kama tura ta. Saurayin da ke ciki ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya?" Nomau ya ce, "Sannu, Allah ya sawwaƙe. Me ya same ta?" Saurayin ya ce ba abin da ya same ta, shi ya sa aka sauke ta haka. Nomau ya tambayi dalili. Saurayin ya ce, "Don kada iska ta riƙa shiga ƙarƙashinta." Nomau ya dawo gida yana ta juya maganar. Washegari Sha'aibu ya fito ya tarar an kewaye gindin motarsa da zana da tsumma, an liƙe kowace kafa da taɓo. Nomau ya ce, "Yaya, na toshe iskar, yanzu jira kawai za mu yi ta sauka." Motar ba ta sauka ko da faɗin yatsa ba, sai dai kajin Kuluwa uku da aka rufe a ciki, waɗanda ta wuni tana nema a maƙwabta.

Wata rana kuma aka aike shi birni sayen man shafawa na gwiwa, ya biya ta garejin wani bakanike, Oga Tasi'u, ya ce masa shi fa ya rikice, an ce masa iska ce, ya hana iska, mota tana nan yadda take. Oga Tasi'u ya goge hannu da tsumma ya ce, "Wa ya ce maka iska? Nauyi ne. In nauyin mota ya koma ƙasa, ba ta kifewa a kwana." Nomau ya yi godiya har da durƙusawa. Da ya dawo ya bi gida-gida yana aron dutsen niƙa, mata suna ba shi don sun ɗauka Inna ce ta aiko. Ya tara guda bakwai, ya shige ƙarƙashin motar ya ɗaɗɗaure su da igiya, kowane yana reto. Sha'aibu bai sani ba, ya tayar da mota zai je ɗauko kaya a fadama. Ƙarar da muka ji ran nan, wallahi na ɗauka ginin masallaci ne ya rushe. Duwatsu biyu suka fashe, aka bar ɗaya a hanya, kuma mata bakwai suka taru a ƙofar gidan suna jiran bayani. Nomau ya ce musu, "Ai gaskiyar Oga ce, ko kun ga ta kife?"

A tsakanin nan wani mai keke ya zo daga Kwarin Gawo ya ce Iya Hansai ta daina cin tuwo, sai kunu cokali biyu. Kullum da hantsi sai Inna ta sa a fito mata da tabarma zaure, ta zauna da ƙullin kayanta a gefe tana kallon motar. Ni kaina na daina bi ta ƙofar gidan, don ba na iya haɗa ido da ita.

Wata rana Nomau ya tsaya wajen mai faci a bakin babbar hanya, ya zayyana masa komai, iska da nauyi da duwatsu. Mai faci ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Duk sun ruɗe ka. Yayi ne kawai, don mutane su gani su yaba. Kai ko iskar taya ka rage ai mota za ta yi ƙasa." Wannan karon Nomau ya samu abu biyu a hannu, ya kuwa yi duka biyun. Ya sace iskar tayoyin nan huɗu har suka kwanta, sannan ya zagaya gari yana kiran mutane su zo su gani su yaba. Muka zo muka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya san abin da ake so ya yaba. Liman dai ya ce masha Allah, don kada a ce bai ce komai ba. Motar ta sauka kamar faɗin tafin hannu, Inna ta gwada, ƙafa ba ta kai ba. Kwana biyu Sha'aibu yana kwance tayoyi yana kai su bakin hanya a kan amalanke ana ba su iska. Da ya ɗaura ta ƙarshe ya juyo idonsa ja, ya ce, "Nomau, ka ji ni da kyau. Kada hannunka ya ƙara taɓa motar nan. Ko ƙurarta kada ka share." Nomau ya ce, "To, Yaya." Ya koma gefe ya zauna, kuma na ga ransa ya ɓaci ƙwarai.

Wata rana, Juma'a ce, maza duk muka tafi masallaci a garin hakimi tun da hantsi. Nomau ya ce ciki na damunsa, ya zauna. Muna dawowa muka hango mata sun yi da'ira a ƙofar gidansu, sai na ce ko Inna ce. Ashe mota ce. Nomau ya ɗauki diga da shebur ya haƙa dogayen ramuka biyu a gabanta, daidai sawun tayoyi, masu gangara, sannan ya janye dutsen da ake tokare ta da shi. Motar ta gangara da kanta ta zauna, cikinta a kan ƙasa, rabin tayoyinta a binne. Sha'aibu ya ɗora hannu a ka. Nomau ya ɗaga tafukansa biyu duk sun yi kanta, ya ce, "Yaya, ban taɓa ta ba. Ƙasa na taɓa, da dutse. Ba ka hana ni su ba."

Ana cikin muhawarar yadda za a fitar da ita, wasu na cewa shanu, wasu na cewa a nemo babbar mota, sai ga Inna ta fito tana dogara sandarta. Ba ta kalli kowa ba. Ta zo jikin ƙofar gaba, ta ce wa Kuluwa ta buɗe. Kujerar ta dawo daidai kujerar tsakar gida. Inna ta juya baya ta zauna, ta ja ƙafa ɗaya ta shigar, ta ja ɗayar, ta ɗora ƙullin kayanta a cinya. Sannan ta ce, "Gaya wa wancan rana na yi." Mu goma sha biyu muka sa kafaɗa muka tura, Sha'aibu yana ba ta wuta, har ta fito da Inna a ciki. Ni ma na haye baya, don ban ga abin da zai sa a ƙarasa wannan labari babu ni ba.

Mun isa Kwarin Gawo bayan la'asar. Mota na tsayawa Nomau ya dira da digarsa ya kama haƙa a ƙofar gidan marar lafiya. Mutanen gidan suka fito a firgice, wani dattijo ya riƙe masa hannu ya ce, "Subhanallahi, bawan Allah, ai da sauran ranta." Nomau ya ce, "Baba, ba nata ba ne, na mota ne." Dattijon ya dube mu, mu ma muka dube shi. Sha'aibu bai tsaya bayani ba, ya cire riga ya ɗauki shebur ya shiga taya ƙaninsa. Da motar ta zauna, Inna ta sauko da ƙafarta, ta shiga ɗakin yayarta. Daga waje muka ji wata siririyar murya ta ce, "Kin zo?" Inna ta ce, "Na zo, Yaya." Kwana uku suka yi tare a kan tabarma ɗaya kafin Allah ya karɓi abarsa, Iya Hansai ta cika.

Bayan an share makoki Nomau ya sake bin wansa birni, sai ga jar motar nan tana hawan tudunta a gicciye. Ya tare ta, ya kama hannun saurayin da hannu biyu ya ce, "Yanzu na gane dalilin, ba sai ka ɓoye mini ba. Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe da tsohuwa, Allah ya ba ta lafiyar gwiwa." Saurayin ya daɗe yana kallonsa baki buɗe, sannan ya ce amin.