Giwan Ruwan da Na Kama a Zungeru

Ni ne na hana kowa ɗaukar nama ranar da muka tafi kwana biyu bakin kogi a Zungeru. Na ce wa matata da abokina Yohanna su kafa tanti, su hura wuta, kifi kuma a bar wa masana. Ilimin nawa kuwa bidiyo uku ne da na kalla a waya.

Wani dattijo, Baba Ndagi, ya ɗauke ni a kwalekwalensa. Da muka kai tsakiya ya jefa dutsen da yake tsayar da jirgin, ni kuma na soka tana na wurga ƙugiya cikin ƙasaita.

Nan take igiya ta yi nauyi. Na miƙe ina ihu, "Giwan ruwa! Ku ɗora babbar tukunya!" Ina ja, kwalekwale yana juyawa, gumi yana zuba. Daga gaɓa matata har da guɗa.

"Baba, ka taɓa ganin irinsa?"

"Kullum, Malam. Ja dai."

Sai da hannuna ya sage sannan Baba Ndagi ya sunkuya, ya zare ƙugiyata daga igiyar dutsensa. Ya ce, "Shekara goma ina jefa dutsen nan, sai yau ya ci tana."

Garin rogo da ƙuliƙuli muka sha a daren, kowa yana yi mini sannu da aiki.

Har yau in muka wuce tulin duwatsun gini a unguwar Ƙetaren Gwari, sai Yohanna ya rage gudun mota ya ce, "Sarkin Ruwa, ga garkensu nan. In tsaya?"