Sifikar da Ke Ci Tana Barci

Yau da safe na shiga gaida mahaifiyata, Inna Gudiya, na tarar da ita a tsakar gida tana fifita da murfin kwano, zufa ta jiƙe mata kallabi. Fankarta ta sake mutuwa tun kafin asuba. Ga zafin bazara a nan Jega, ga tsohuwa mai hawan jini. Raina ya ɓaci ƙwarai, don saboda wannan fanka kaɗai na sayar da albasata na haɗa 'yar sola.

Na zagi batir, na zagi wanda ya sayar mini da shi, har rana ma na harare ta. Sai ga maƙwabcina Mamuda, dillalin albasa a Aliero, ya leƙo.

"Mi ag ga wancan abu mai jan ido?" in ji shi, yana nuna sifikar da ƙanena Faruk ya aiko mana. Ita ce ke jawo karatu da waƙa daga wayar matata Wasila ba tare da igiya ba.

Na ce a kashe take.

"Taɓa ta ka ji."

Na taɓa, na ji ta da ɗumi kamar kaza a kan ƙwai.

"Ba ta mutu ba, jira takai," in ji Mamuda. "In an bar ta shiru sai ta kwanta, amma kunnenta na buɗe ko waya za ta kira ta. Wanga jira kuwa da batirin Inna aka biyan shi."

Allah Sarki. Ashe a ɗakina na ajiye ɗan kwamiti ban sani ba! Kun dai san su, masu girma 'yan kwamitin ko-ta-kwana na gwamnati, Allah ya ja zamaninsu. Ba su taɓa kashe gobara a rumbun kowa ba, ba su taɓa tare ruwa a gonar kowa ba, amma kullum suna cikin shiri. Motar na fake a inuwa tana shan mai, shugaban na kishingiɗe yana shan shayi. Ni ban ga laifinsu ba, jira ma ai aiki ne, kuma ba a yin sa da yunwa. Bara da ruwa ya cinye wa surukina gero a Kuberi, sun farka sarai, sun zo da manyan riguna sun ɗauki hoto, sannan suka koma bakin aikinsu na kwanciya.

Su dai ba ni da iko a kansu, amma wannan ina da shi. Na fizge igiyarta daga soket, jan idon ya mutu, na ji wani daɗi kamar na sauke gwamnati. Na bar gida da alfahari na tafi kasuwa.

Da la'asar na dawo, sai ga jan ido yana kallona. Na daka wa Wasila tsawa, ta ce ba ita ba ce, ta nuna ɗakin Inna da baki.

"Ni na maishe ta," in ji Inna, ko a jikinta.

"Inna, ita ke cinye miki wutar fanka."

"Na sani. Amma duk sa'ad da Wasila ta wuce da waya, sai ta hwalka ta yi ƙara, ta yi min magana da Turanci. Ni kau in ce lahiya lau. Kai sau nawa kaka gaishe ni a yini? Shimhiɗar huska ta hi ta tabarma."

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsohuwa ta san mai cinta, ta san zufar da za ta sha gobe, amma ta maida shi kan kujera da hannunta saboda ya iya gaisuwa.

Har na buɗe baki zan yi mata wa'azi, sai na tuna wanda na dangwala wa yatsa a zaɓen da ya wuce, don kawai ya sauke gilashin mota ya kira sunana. Na ɗauki murfin kwanon na shiga yi mata fifita.