Kifin Mista Wilfred Ba Na Miya Ba Ne

Duk Kafanchan, daga tashar jirgi har gindin dutsen Kagoro, babu wayayye kamar Mista Wilfred, babban akawun kaya na reluwe. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutumin da ke sa kwat a zafin Maris ai ba zai yi ƙarya ba.

Wayewar tasa a cikin gilashi take. Wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar masa ɗan akwatin gilashi da kifi huɗu a ciki, ƙila don ya rasa inda zai zubar. Tun ranar Mista Wilfred ya daina gaisuwa da hannu biyu. Jama'a na kiwon alade, akuya, kaji. Shi yana kiwon abin da ba a ci, ba a sayarwa, ko cara ba ya yi. 'Yan tasha suka sa masa suna Sarkin Ruwan Falo. Ya ɗauka sarauta ce, har amsawa yake yi.

"Sunansu sikilid," haka yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya kai falonsa. "Daga manyan tafkuna na Gabashin Afirka. Ba kowane ido ke gane su ba, sai wanda ya shiga aji."

Abu ɗaya ne ya hana wannan babban mutum barci: kujerar dattijon ikilisiya. Guda ce ta rage, za a yi zaɓe ranar godiyar kaka, kuma abokin takararsa Baba Obadiah ne, mai kiwon alade, mutumin da ko agogo bai taɓa ɗaurawa ba. Mista Wilfred ya zauna ya yi tunani irin na manya, ya gano abin da ya sa ikilisiya ba ta ga girmansa ba: tankin kifin ne ya yi ƙarami.

Sai ga kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na gwamnati, sun sauko, ma'aikata suka haukace. Wannan babur, wancan rediyo mai faifai, wani kwanon rufi. Madam Hellen, matarsa, har ta gaya wa zumuntar matan coci keken ɗinkinta na hanya. Abin da jirgin kaya ya sauke daga Legas kuwa, akwati ne dogo sambal, wanda ya sa tsofaffi cire hula suna tambayar wa ya rasu. Ƙarti takwas suka kinkimo shi. Ƙofa ta ce ba da ita ba. Aka fasa bango. Akwatin nan, sabon tankin kifi, ya sha ruwa garwa sittin, kwana uku matan unguwa na jawo laka zalla daga rijiya.

"Kifi mai asali ba ya zaman ƙunci," in ji shi, yana tsaye a kan ɓaraguzan bangonsa. "Ku da kuke kwana ku bakwai a ɗaki ɗaya, ba za ku gane ba."

Masu asalin kuwa da suka ga fili sai suka nuna hali. Suka tone yashi, suka tuge ciyawar da ya shuka, suka kama cizon juna kamar 'yan dako a kan lodi ɗaya. Sai haihuwa, ba ji ba gani. Kafin damina ta ɗauke, kifi huɗu sun zama cincirindo kamar kasuwar Kagoro.

Ana saura mako guda zaɓe, ya gayyato Pasto Meshak da manyan ikilisiya su yi wa sabon tanki addu'a. Ya yi jawabi na minti arba'in, shayi ya huce, kifi ma suka juya masa baya. Mama Afiniki, shugabar zumuntar mata, ta manna hanci a gilashi ta daɗe tana kallo.

"Ɗana, wannan ba karfasa ba ne? Irin wanda ake kamawa a rafin Matsirga?"

"Mama," ya ce, yana gyara kwat, "karfasa ɗan'uwansu ne na ƙauye, wanda bai yi makaranta ba."

Pasto Meshak ya yi murmushi. "Lalle Ubangiji ya albarkaci kiwonka, ɗan'uwa. To, ranar godiya muna jiran nunan fari daga kifin nan. Mai son zama dattijo, shi ke nuna hanya."

Wani zai ji tsoro. Sarkin Ruwan Falo daɗi ya ji: duk ikilisiya za ta ga kifinsa kyauta.

Ran Lahadi coci ta cika har tagogi. Mata na kaɗa tulu suna waƙa, kowa na rawa zuwa gaba da abin da Allah ya ba shi: doya, citta, acca, zakara. Baba Obadiah ya jawo wani ƙaton alade yana kururuwa. Mista Wilfred ya bari sai da kowa ya zauna, sannan ya taso, rungume da tsohon akwatin gilashin Bature, manyan kifi goma a ciki, yana taku ɗaya-ɗaya kamar amarya. Ya ajiye gaban bagade, ya juyo ya rusuna, ko da yake ba wanda ya tafa.

Aka yi addu'a, aka miƙa komai ga Allah, aka shiga gwanjo kamar kowace shekara. A kan aladen nan saura kaɗan malamai biyu su ba hammata iska. Da aka zo kan kifi, shiru. Mai gwanjo ya kira sau uku. Shiru dai.

"Sule biyu," in ji Mama Afiniki. "Duk ƙaya ne, amma don aikin Allah." Aka buga ƙararrawa. Ta juya wajen mata. "Ku hura wuta a baya. A kawo barkono da daddawa, Pasto zai sha romo."

Ba a taɓa sanin kwat na tsalle ba sai ranar. Mista Wilfred ya haye benci biyu, ya wawuri akwatin daga gaban bagade, ruwa ya fantsama a takalmin Pasto.

"Jahilci! Kifin da kakansa ya zauna da Bature, shi za ku sa wa daddawa? Ƙauyawa kawai!"

Tulu ya tsaya. Alade ma ya yi shiru. A ƙasar nan ko ɓarawon akuya ba ya taɓa abin da aka ajiye gaban bagade, balle wanda ya kawo da hannunsa ya dawo ya ƙwace. Girman kai dai rawanin tsiya ne, kuma ranar an naɗa shi har ya rufe ido.

Pasto Meshak ya goge takalminsa a hankali. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai lokacin zaɓe ya yi.

"Masu son Baba Obadiah?"

Hannuwa suka tashi kamar gonar dawa. Wata tsohuwa ta ɗaga biyu, aka ce ta sauke ɗaya.

"Masu son ɗan'uwa Wilfred?"

Madam Hellen ta duƙufa neman wata waƙa a littafi. Pasto ya duba dama, ya duba hagu, ya leƙa har taga, don mutum ne mai adalci. Ko hannu ɗaya babu. Na Mista Wilfred ma duk biyun suna rungume da gilashi. Ya so ya ajiye ya zaɓi kansa, amma Mama Afiniki na tsaye a gefensa da tukunya.