Yadda Rumbun Babura Ya Baro Cikinsa a Alƙahira

Ranar Litinin, 14 ga Maris, 2011, na fara ganin Alhaji Rilwanu Maikasuwa. A ranar na kama aikin magatakarda a ofishin ƙungiyarmu ta dillalan hatsi da ke Kazaure. Ƙarfe goma da kwata tumbinsa ya shigo ofis. Shi kuma ya iso jim kaɗan bayan haka.

Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Mutanen garinsu suna kiransa Rumbun Babura, yana kuwa amsawa da murmushi. Sikelin asibiti bai iya da shi, sai na hatsi, kuma ranar da aka ɗora shi ya tashi kilo ɗari da arba'in da shida, wato buhu ɗaya da rabi saura kaɗan. Manoma kan ba shi hatsinsu ba takarda. Su dai su kalli tumbin su koma gida hankali kwance, don a ganinsu mai irin wannan ba ya gudu.

Ƙungiyarmu tana da rassa huɗu: Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. Duk shekara uku ake zaɓen shugaba, amma kafin ƙuri'a akwai abin da muke kira zagayen kwano. Ɗan takara zai je gidan dattijon kowane reshe, a ajiye tuwo, su sa hannu tare a gaban jama'a. Wanda ya ci sosai ya nuna ya yarda da mutanen wurin. Wanda ya yi tsakure, to ya ce musu yana zargin an zuba masa wani abu. Mara lafiya kaɗai ake ɗauke wa, in ya faɗa da bakinsa. Sau huɗu Alhaji yana wannan zagaye, sau huɗu yana cin zaɓe. Ba kwanon da ya taɓa tashi da rai a gabansa.

"Jama'a," yakan ce bayan ya suɗe hannu, "mulki ba surutu ba ne. A duba mutum, a duba abin da ya tara."

A watan Yuli na 2023 ya je ɗaurin aure Abuja, ya dawo a yamutse. Manyan mutanen da ya sani da tumbi duk sun shafe. Wani daga cikinsu ya dafa masa ciki a gaban mutane ya ce, "Alhaji, har yanzu kana yawo da wannan? Ai an daina yayinsa." Ya kuma raɗa masa cewa a Masar ake yi: a yanke yawancin jakar abincin mutum a jefar, a ɗinke sauran.

Gaskiya gwiwoyinsa sun daɗe suna ƙara. Wani likita a Kazaure ya ce masa ya rage tuwo, ya bar lemon kwalba, ya riƙa takawa zuwa masallaci maimakon shiga mota. Kuɗin wannan magani bai wuce na kati ba, shi ya sa Alhaji ya gane ba nasa ba ne.

"Malam Abu," ya ce mini, "mutum kamata ba ya ramewa a gida. Rubuta wa ejan nan na Kano mai kai mutane asibitin Masar."

Eja ya ce dala dubu biyar da ɗari biyar, an gama. Daga baya muka fahimci abin da "an gama" ke nufi. Ban da biza. Ban da tikitin mutum biyu, don ba a zuwa sai da mai jinya. Ban da masaukin kwana goma sha biyu, da tafinta, da gwajin jini, da ƙwayoyin ƙarin jini da zai sha har ƙarshen ransa. Ban da komawa a duba shi bayan wata shida. Ranar da aka faɗi farashi dala tana ɗari takwas da 'yan kai. Alhaji ya ce a jira, shi ya san kasuwa, za ta sauko. Ranar da ya biya ta haura dubu ɗaya da ɗari biyu. Ya sayar da gonarsa ta hanyar Yankwashi ya cika.

Matarsa Hajiya Gumsu ce kaɗai ta yi magana. "Alhaji, shekara talatin ina tsaye a murhu ina tara maka abin nan. Yanzu gona za ka sayar a zubar da shi?"

Ya ce harkar zamani ce, ba za ta gane ba.

Ya zaɓi a yi aikin ranar 8 ga Janairu, 2024, don ya dawo ya ɗauki hoton fosta kafin zaɓen ƙarshen Fabrairu. Ga jama'a kuma ya sanar cewa zai halarci taron manyan 'yan kasuwar hatsi na duniya. Asibitin sun aiko takarda shafi huɗu, ya miƙo mini in sa a fayil. Ni ba na ajiye abin da ban karanta ba. Shafi na uku ya ce: mako biyu ruwa-ruwa kawai, sai abinci mai laushi, kuma ko bayan wata biyu cikin ba zai ɗauki abin da ya wuce rabin kofin shayi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zagayen kwano fa mako huɗu ne bayan aikin."

"Malam Abu, kai aikinka rubutu, ni aikina tunani. Wannan takarda don Larabawa aka yi ta. Ka taɓa ganin cikin Balarabe?"

Ya dawo ranar 21 ga wata, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kafin farkon Fabrairu kilo goma sha huɗu sun tafi, kumatu sun zubo, babbar riga ta fara neman mai ita. Ya shaida wa masu zuwa gaisuwa cewa motsa jiki ne da ƙarfin hali, irin wanda ya ga Turawa suna yi a wurin taro.

Ranar Alhamis, 8 ga Fabrairu, aka fara da Roni. Da aka ajiye kwano sai Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce yana azumin nafila. Aka yi ta kallon juna, don ba wanda ya taɓa jin wannan labari game da shi, amma ba a jayayya da azumi. Aka sa masa albarka.

Asabar aka je Gwiwa, gidan Baba Kura, dattijo mai shekara tamanin da biyu wanda da shi aka kafa ƙungiyar. Tuwon dawa, miyar kuka da man shanu, zabi biyu. Mutum kusan arba'in a ƙofar gida. Alhaji ya wanke hannu, ya yanko loma kamar ƙwan tantabara. Ya haɗiye. Ya yanko ta biyu. A ta uku gumi ya keto masa, ya janye hannu ya ɗora a gwiwa.

Baba Kura ya ce, "Rilwanu, ci mana. Tun asuba tsohuwar nan take tsaye saboda kai."

"Alhamdulillahi, Baba, na ƙoshi."

Wani a baya ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Baba Kura bai yi ba. Ya dube shi da kyau, ya sassauta murya. "Ɗana, ko jikin ne? Na ga ka faɗa. In jikin ne ka ce jikin ne, a ɗauke kwano, ba komai."

Kalma biyu ta rage masa. Ina zaune a gefe da littafina, har na ɗora biro in rubuta "an ɗauke saboda rashin lafiya". Sai Alhaji ya gyara hula ya ɗaga murya yadda na bakin titi za su ji.

"Baba, ni? Ban taɓa jin ƙarfi irin na yau ba! Likitocin duniya sun duba ni, sun ce jikina na ɗan shekara talatin ne. Abin dai shi ne, mutum in ya waye, ya san ba kowane abu ake sa wa ciki ba."

Baba Kura ya jawo kwanon, ya juya shi, ya yanko loma daidai inda Alhaji ya ci, ya kai baki. Ya ƙara. Ya yagi cinyar zabon da aka ajiye wa Alhaji ya cinye. Sannan ya ce, "Ga shi na ci ta gefenka. In na kwana da rai, ka san ba komai a ciki. A kawo masa ruwa ya wanke hannu."

Washegari abokin takararsa, Halliru na Roni, mutum siriri kamar karan dawa, ya zo gidan. Ya share kwano, ya tambaya ko akwai ƙanzo. Labari ya riga Alhaji isa Kazaure da Babura. Ranar 24 ga Fabrairu aka kaɗa ƙuri'a: Halliru hamsin da takwas, Alhaji goma sha ɗaya.

Bayan zaɓe ya fara faɗin gaskiya, har yana ɗaga riga yana nuna tabon ɗinki. Ba wanda ya yarda cewa mai hankali zai sayar da gona don a rage masa ciki. Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce ciwo ne yake ɓoyewa.

Yanzu Alhaji Rilwanu yana zaune a shagonsa na Babura. Nauyinsa kilo casa'in da ɗaya, gwiwoyinsa sun daina ciwo, bai koma Masar ba saboda kuɗin jirgi. A zaman watan Oktoba ƙungiya ta tausaya wa tsohon shugabanta, ta aika masa da buhu biyu na gero don ya samu ya murmure. Ya karɓa, ya sa hannu. Bisa lissafina, da irin cin da yake yi yanzu, za su kai shi shekara bakwai.