Rijiyar Dabgi da Muryar Suda

A wani daji da ke bayan duwatsu an taɓa yin wata cuta wadda ba ta kama rago, ba ta kama jahili, sai gwani. Cutar kuwa ita ce ka iya aiki har ka ga wanda bai iya ba bai isa ka amsa masa tambaya ba. Ga yadda ta cinye rijiya guda.

Rijiyar ta gayya ce. Dabgi ne ya fara haƙa ta, Gafiya da Bushiya da wasu masu farce suka sa hannu, kowa bayan ya gama neman abin da zai ci, ba mai biyan wani. Ba murfi, ba mai gadi. Dabgi ya zana yadda aka haƙa ta a jikin bangonta da farcensa, daga baki har ƙasa, don duk mai so ya duba ya haƙa tasa. Ruwan garau, ga sanyi. Sai dai tana bayan sarƙaƙiya, dabbobi ba su ma san da ita ba. Suna can bakin hanya suna zuba wa Dila hatsi, yana ba su ruwan kududdufi mai laka, kwaɗi na yi masa kirari.

Suda ita kaɗai ce a cikinsu ba ta haƙa. Bakinta ne jarinta. Ita ce kuma ta lura da abin da suka ƙi gani: yashi yana gangarowa kowace damina, masu yasa suna raguwa, Dabgi kuma bayansa ya fara sunkuyawa. In ba a samu sabbin hannaye kafin ruwan bana ba, rijiya za ta rufe. Ta kai maganar gaban taro, ta roƙi a bar ta ta shiga gida-gida ta sanar.

Dabgi ya ce, "Suda, mu ba kwaɗi ba ne. Wanda ya san ruwa zai nemo mu, wanda bai sani ba lakar Dila ta ishe shi. Amma tun da ba ki da abin yi, je ki."

Da wannan albarkar ta fita.

Ba ta da ganga, ba ta da hatsin ba maroƙa. Ta samo ƙwaryar katantanwa, ta riƙa cika ta tana tashi da ita a baki. Ta je suna gidan Zomo, ta je gaisuwar mutuwa gidan Damo, ta tsaya bakin kasuwa tana cewa a ɗanɗana kawai. Wasu suka ce abin da ba a biya akwai wata a ƙasa. Wasu suka tambaye ta nawa Dabgi ke ba ta, ta ce ko godiya ba ta karɓa ba, suka yi dariya har suna riƙe ciki. Fukafukanta suka yi tsami, muryarta ta fara dushewa. Ana nan sai Barewa ta ɗanɗana, ta ce gobe za ta zo da 'yarta.

Suda ta ja su ta cikin sarƙaƙiya tana ba da haƙuri a kan kowace ƙaya. Da suka iso, matakalar rijiya ta masu farce ce, siririya, a miƙe. 'Yar Barewa ta sa kofato ta zame, da ƙyar uwar ta cafe ta. Barewa ta gaida Dabgi da ladabi, ta yaba ruwa, sannan ta ce ko za a ɗan faɗaɗa matakalar saboda masu kofato.

Dabgi bai ko ɗago daga aikinsa ba. "Baiwar Allah, rijiyar nan ta kowa ce, ke ma taki ce. Ga bango can, an zana yadda ake sassaƙa matakala. Duba ki gyara, muna maraba da gyara."

Barewa ta dubi kofatonta, ta dubi bangon. Ta ce wa Suda, "Ƙanwata, da ƙishi na zo, an ba ni aiki." Ta ja 'yarta suka koma.

Haka aka yi da Gada. Haka aka yi da Jaki, wanda ya tambayi ta ina ake shiga, Gafiya ta ce masa an amsa wannan tun bara, ya je ya karanta bango. Suda na kawowa ta gaba, ana kora ta baya, kuma ba wanda ya ɗaga murya ko ya yi zagi. Kowa da ladabi aka nuna masa bango.

A taro na gaba Suda ta tsaya, muryar kamar ana goga busasshen ganye. "Baba Dabgi, ka ji ni sau ɗaya. Barewa ba za ta taɓa haƙa ba, gaskiya ne. Amma maƙwabcinta Gyado ne, haurensa ya fi farcen uku daga cikinmu, kuma inda take sha nan yake sha. Mai sha na yau shi ke kawo mai haƙa na gobe. Yini guda za ku ba matakalar nan. Ni na ba ku sunana a gari, kullum kuna mayar mini da shi a karye."

Dabgi ya ce ba zai ɓata madaidaiciyar matakala saboda waɗanda ko yashi ba su taɓa kwasa ba. Daga nan taro ya koma kan ko ya halatta a zuba ruwan rijiya a ƙwaryar katantanwa, tun da tana iya sauya masa ɗanɗano. A kan wannan aka yini. Aka hana.

Mutum ɗaya ne ya bi shawarar Dabgi sau da ƙafa. Dila ya zo da rana tsaka, ya yi sallama, ya zauna ya karanta bangon daga sama har ƙasa. Ba wanda ya hana shi, don ai don haka aka zana. Ya koma bakin hanya ya sa Gyado ya haƙa masa irinta sak, da shimfiɗaɗɗiyar gangara wadda ko gurgu zai sauka. Ya kewaye ta da ƙaya, ya ƙara kuɗin sha. Gafiya, wadda yunwa ta sa ta gaji da jin labarin gayya, ta karɓi aikin tsaron ƙofa.

Da hadarin farko ya haɗo, yashi ya fara zubowa, Dabgi ya waiga ya ga daga shi sai Bushiya. A ranar ne ya kira Suda da "'yata". Ya ce ta tashi ta kira gari, kowa ya zo, ko mai kofato ne ya ture yashi da ƙafa.

Ta tashi, don ba ta iya ƙi ba. Ta bi ƙofofin nan da ta sani ɗaya bayan ɗaya. Muryar ba ta fita sai an kasa kunne, kuma ba mai kasawa. Barewa ce kaɗai ta leƙo, ta ce mata ba don mugunta ba, amma ta ji an ce yadda ake yasar rijiya yana nan a zane a bango.

Ruwa ya kwana uku yana zuba. Suda na kan reshe a jiƙe, tana kallon bakin rijiya yana haɗewa.

Abin da Dabgi ya rasa ba shi da wuyar ƙirgawa: rijiya ɗaya, aikin damina tara, farce biyu da suka karye a yashi, Gafiya da ta koma gidan Dila, Bushiya da ta bar dajin, da tsuntsuwa guda wadda ba ta ƙara yin magana a kasuwa ba. Yanzu yakan bi layi bayan Jaki, ya zuba hatsinsa, ya sauka gangarar ya sha ruwan da shi ya koyar da yadda ake samunsa.

Zanen bangon dai yana nan a ƙarƙashin yashi, kuma babu kuskure ko ɗaya a cikinsa.